Sunan da Mamuna Ta Bari a Takoradi

Duk wanda ya san Zangon Kumasi ya san Hajiya Mamuna mai koko. In bai taɓa shan kokonta ba, to ya taɓa jin bakinta. Shekararta arba'in da biyar a garin nan, amma har yau in aka sayo mata kifi sai ta yatsine fuska ta ce wannan ya daɗe a hanya har ya manta teku. Ita 'yar Takoradi ce, kuma ba ta barin kowa ya manta.

Mahaifinta Bazabarme ne daga wajen Dosso. Da ƙafa ya gangaro kudu yana saurayi, don ya ji labarin Turawa sun gina wata tashar jiragen ruwa da ba ta ƙoshi da leburori. A can ya ƙarar da ƙarfinsa yana ɗaukar buhuna a ka, a can kuma aka haifi Mamuna. Ta tashi tana kallon gumaguman katako suna yawo a ruwa suna jiran jirgi, da jirgin ƙasa yana zube baƙin ma'adini, da matan Fanti suna banda kifi. Da magariba takan hango fitilar Sekondi, garin da ke maƙwabtaka da su, a kan tsohon ginin Turawa, tana nuna wa jirage hanya.

Tana da shekara goma sha bakwai ta kafa tukunyar koko a ƙofar tasha, inda manyan motocin katako daga Kumasi ke jeruwa. Ba ta jira a zo mata. Ta san sunan kowane direba da yadda yake son nasa, tun motarsa ba ta gama tsayawa ba take ƙwala masa kira. Cikinsu akwai wani siriri mai shiru-shiru, Seini, wanda ke son citta ta yi yawa. Kullum shi ne na ƙarshen saukowa, kullum sai ta ɗaga murya: "Seini! Sauko mana, zai huce!" Daga baya ya faɗa mata da gangan yake jinkiri, don ya ji kiran sau biyu.

Ranar da aka ɗaura musu aure ta ajiye sunan nan, kamar yadda uwarta ta ajiye na ubanta. Ya zama Maigida, da ya sauke farali ya zama Alhaji. Har ɗan maƙwabta da aka raɗa wa suna Seini, Mai Sunan Alhaji take ce masa. Matar da bakinta bai taɓa raga wa kowa ba, ga ta da kunyar kalma ɗaya tak.

Shekara biyu da suka wuce Alhaji ya fara mantuwa. Makulli ya fara ɓacewa, sai hanyar masallaci. Wata safiya ta kawo masa ruwan alwala, ya dube ta da ladabi ya ce, "Sannu Iya, wa kike nema?" Mamuna ta koma madafa ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar uwarta. Likita ya ce tsufa ne, sai haƙuri.

Daga nan Alhaji ya koma Takoradi, yana zaune a Kumasi. Kullum da safe sai ya sa hula ya fito kan benci a ƙofar gida, wai yana layin shiga tasha. Wannan da sauƙi. Abin da ya tayar da hankalin gidan shi ne ya daina cin abinci. Duk wanda ya miƙa masa kwano sai ya mayar da shi a hankali ya ce, "Na gode, akwai mai ba ni a ƙofar tasha. Za ta kira ni." 'Yarsu Huda, malamar makarantar Arabiyya, takan lallaɓa shi ya karɓi cokali biyu ko uku. Agogonsa ya fara zamewa daga tsintsiyar hannu.

Mamuna ta gwada dabararta. Takan zauna a ƙarshen bencin ta zaga da shi garin da baki: daga zangon Sekondi, a bi gefen teku, a wuce kwale-kwalen masunta, a faɗa kasuwar Takoradi mai zagaye wadda duk tituna ke taruwa a kanta. Idonsa yakan yi haske, har ya gyara mata in ta karya kwanar da ba ita ba. Ba ta taɓa faɗa masa an rushe kasuwar za a sake gina ta ba. Amma da sun iso ƙofar tasha ta miƙo koko ta ce, "Alhaji, ga shi," sai ya kau da kai. Shi bai san wani Alhaji ba.

Da aka kwana uku ruwa kaɗai ke shiga cikinsa, Huda ta sami Mamuna tana tankaɗe.

"Mma, ya ce za a kira shi. Ki kira shi yadda kike yi a can."

"Ke! Ba ki da kunya kraa, ko kaɗan? Sunan ubanki, a bakina, a gaban mutane?"

"Yoo, na ji. To mu zuba ido yana ƙarewa."

Mamuna ta ɗaga hannu kamar za ta kai mata duka, sai ta sauke. Tsoro ne ya kama ta, tsoron ta rasa shi alhali maganin yana bakinta.

Washegari ta dama koko, ta zuba citta har Huda na atishawa. Ta ɗauki tukunyar ta tsallaka titi ta ajiye kusa da Azaratu mai waake, wato shinkafa da wake, inda mutane suka yi layi da robobinsu. Alhaji na kan bencinsa, hannuwa a kan gwiwa, yana kallon hanya. Ta gyara ɗankwali, ta dubi ƙasa, ta sake ɗagowa.

"Seini! Sauko mana, zai huce!"

'Yan layin waake duk suka juyo. Azaratu ta toshe baki da hannu. Tsohon ya ɗaga kai, amma bai motsa ba, sai wani ɗan murmushi a gefen bakinsa. Mamuna ta gane murmushin nan sarai, hawaye suka zubo mata.

"Seini! Sai na kira sau biyu?"

Ya miƙe, Huda ta kama hannunsa suka tsallako. Ya karɓi kwanon da hannu biyu ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga ƙasansa. Sannan ya dube ta, tsohuwa mai furfura da tabarau, bai yi wata tantama ba.

"Mamuna," ya ce, "yau kin daɗe ba ki kira ni ba. Har na zaci kin manta sunana."

"Ban manta ba," ta ce. "Kawo kwanon in ƙara maka."