Betarab ɗin Baba da ya ƙi dahuwa

Shekarun baya, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, kusa da Dungas, mahaifina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Allah ya taƙaita, ya tashi, amma ƙafar hagu sai ja. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a noman rogo cikin kwari, wanda har daga Mallawa ake zuwa neman iri wurinsa, sai ga shi kan tabarma daga safe har yamma yana kallon kaji. Magana ma ya rage. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Wani zuwa da na yi Damagaram sai na sayo irin betarab, wannan jan abin da ake yankawa cikin salati. Ba wai na iya noma ba ne, ni da ko fartanya na riƙe sai hannuna ya yi bororo. Na dai karanta Faransancin da ke jikin takardar da aka ƙunso irin a ciki: a cire bayan wata biyu zuwa uku.

Muka tada fangali huɗu a bayan ɗaki, kusa da rijiya. Baba ya juya irin a tafin hannunsa ya ce, "Mushe, wannan a sama yake haihuwa ko a ƙasa?" Mushe, yadda ake kiran malamin lakwal da Faransanci, yake ce mini tun da na fara koyarwa, rabi girmamawa rabi tsiya. Na ce a ƙasa. Ya ce, "To ai ɗan'uwan rogo ne. Bar ni da shi."

Wallahi sai Baba ya dawo Baban da na sani. Yana idar da sallar asuba zai ja ƙafa ya ɗauki arozuwar, butar nan ta yayyafa wa shuka ruwa, ya yi ban ruwa, ya kori awaki, ya yi wa mahaifiyata faɗa a kan kajinta. Ita kuwa faɗan ma daɗi yake mata.

Da aka yi wata uku, kawunan suka turo ƙasa kamar dunƙulen hannu. Na ce a hankali, "Baba, kamar ya isa cira."

"Ku 'yan boko gaggawa ce da ku," in ji shi. "Abin ƙasa ba a tashinsa daga barci. Rogo shekara yake yi."

Takardar tana cikin aljihuna a lokacin. Na dubi fuskarsa, na ga yadda ta washe, sai na haɗiye maganata. Na ce wa kaina ladabi ne.

Sanyi ya wuce, zafi ya shigo, har aka cika wata biyar. Baba ya gayyato abokansa uku su zo ranar Juma'a su ɗanɗani abin da ba su taɓa ci ba. Da muka tono, kowane kai ya kai ƙaramar ƙwarya, Baba sai murmushi yake. Mahaifiyata ta ɗora tukunya tun hantsi. Aka sauko daga masallaci, bai dahu ba. La'asar ta yi, itace ya ƙare, wuƙa da ƙyar take shiga. Haka ta yanko ta aiko.

Babban abokin Baba ya gatsa, ya tauna, ya tauna, ya furzar da tuƙa kamar mai shan rake. Ya ce, "Malam, an ce mai haƙuri yakan dafa dutse, to yau mun ga dutsen da ya gagari mai haƙuri!" Aka kwashe da dariya. Baba ma ya yi, amma bai ƙara kai hannu cikin kwanon ba.

Da suka tafi ya kira ni.

"Ka san haka zai zama?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Na sani, Baba. Yana rubuce."

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Da ina da lafiya, da ka yi mini gardama. Ƙafata ce ta mutu, Mushe, ba kaina ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ashe shirun da na kira ladabi, lallashi ne irin wanda ake yi wa yaro, kuma ya fi dariyar abokansa yi masa ciwo.

Da sanyi ya zagayo, shi da kansa ya ce in kawo takardar in karanta masa tun daga farko. Muka yi musu sosai a kan tazarar shuka, ban saurara masa ba, kuma shi ya yi gaskiya. Wannan karon wata biyu da rabi ya cire, ya aika wa abokin nan nasa kwano guda ba tare da saƙon komai ba.

Baba ya rasu tuni, Allah ya jiƙansa. Har yanzu ina shuka fangali huɗu duk shekara. Abin da na ɗauka daga wannan lamari shi ne, in kana tausayin mutum, kada ka tausaya masa har ka daina gaya masa gaskiya. Takardar tana nan cikin akwatina, ta yi laushi saboda ninki. A bayanta akwai lakar babban yatsansa, inda ya danna ya ce, "Sake karanta nan."