Ranar da Na Goya Surukata

Shekara bakwai ina auren ƴarta, ban taɓa kallon surukata cikin ido ba. Haka muka tashi a Damagaram. In ta shigo ɗaki ni na fita, in gaisuwa ce na durƙusa daga nesa, idona a ƙasa. To da matata ta haihu a Lyon aka kawo tsohuwar ta kula da ita, sai ga mu a gida mai ɗaki biyu. Wallahi na sha wuya. A tsaye nake cin tuwona cikin kicin.

Bayan arba'in muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris, wurin wan matata da ke Montreuil, don ta gaisa da dangi kafin ta koma gida. Muka tarar ƙungiyar ƴan garinmu ta shirya fitar da take yi duk shekara lokacin zafi: a ɗauki babbar mota, a kai iyali bakin teku, a dawo da yamma. Wan matata ya ce a bar tsohuwa ta huta. Ni kuwa na ce haba, mutum ya zo har Faransa ya koma bai ga teku ba? Da bakina na faɗa, ba wanda ya sa ni.

Garin da muka je ƙarami ne, tafiyar awa uku arewa da Paris. Shagunan soya kifi da dankali a jere, tsofaffi na yawo da karnuka, masu busa da ganga suna ta nasu bikin a titin bakin ruwa. A kan rairayi kuwa mutane ne kwance kusan tsirara. Matanmu suka ce sam, ba za su zauna nan ba. Muka yi ta tafiya da kuloli da tabarmi har muka wuce tutocin wurin da masu gadin ruwa ke zama, muka sami wurin da ba kowa. Aka buɗe shinkafa da dambu da kaji. Tekun yana can nesa, da ƙyar ake hango shi. Wani Alhaji ya taɓe baki ya ce, "Wannan ne abin da ake ta kururutawa?"

Mu ruwan da muka sani damina ke kawo shi, rani ya ɗauke. Na sha jin cewa teku na janyewa ya dawo, amma ji kawai na yi, ban taɓa gani ba.

Da azahar maza muka yi sahu muka yi salla. Ina sallamewa na ji matata, jariri a hannunta, tana tambaya, "Ina Inna?" Wata mata ta ce ta ɗauki buta da darduma, ta ce ba za ta yi salla inda ake hango tsiraicin mutane ba. Matar ta nuna da hannu. Can tsakiyar fili, wajen teku, na hango shuɗin mayafinta ɗan mitsitsi.

Wani tsohon Anasara mai bokiti da dogayen takalman roba yana wucewa, ya bi hannun matar da kallo, ya tsaya cak. Ya tambaye ni da Faransanci ko tamu ce. Na ce eh. Ya ce ruwa na dawowa, kuma ba ta gaba yake fara zuwa ba, kwarin da ke bayanta yake fara cikawa, ya bar mutum a kan tudu kafin ya rufe tudun. Ya zaro wayarsa zai kira masu ceto, ya ce mini, "Kada ka jira su."

Wan matata kuwa ya riga ya shiga gari sayo wa yara burodi. Ni ban iya iyo ba, ko a tafki. Na jefar da takalmi na zura da gudu.

Kwarin da ta ƙetare a bushe ya riga ya zama rafi. Ruwa ya kawo mini gwiwa, sanyi kamar ƙanƙara, yana gudu ta gefe ɗaya. Na haye, na iso bayanta ina haki. Tana ruku'u. Innalillahi! Yaya zan yi in katse wa surukata salla? Na tsaya ina ƙirga raka'o'i, ina waiwayen kwarin, ina ganin tudun yana raguwa. Ta yi sujada a natse, ta ɗago a natse. Ban taɓa jin haushin natsuwar mutum ba sai ranar.

Tana sallamewa ta jawo carbi. Na durƙusa daga gefe, na ce, "Hajiya, ruwa ya zagaye mu."

Ta waiwaya ta gani. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska ta ce, "To, Malam. Je ka kira mini ƴata."

"Ba lokaci, Hajiya. Sai dai in goya ki."

"Subhanallahi! Kai? A'a. Je ka, zan biyo bayanka."

Mace ce gajera, ga ciwon gwiwa. Na san ruwan zai sha kanta. Na sake roƙonta, ta sake cewa a'a, ta ma fara naɗe dardumarta a hankali. Ruwa ya taɓo bakin zanenta. Nan fa raina ya ɓaci, tsoro ya haɗu da fushi, na daka mata tsawa. Ni, na daka wa uwar matata tsawa! Na ce, "Inna, ki hau bayana! So kike in koma in ce wa ƴarki me?"

Ta dube ni ido cikin ido. Na juya na tsuguna. Na ji hannuwanta sun sauka a kafaɗuna.

Ba ta da nauyi ko kaɗan, abin ya ba ni tausayi. Muka shiga kwarin. Ruwa ya kawo ƙugu, ya kawo ƙirji, yana jan ƙafafuna, rairayi na zamewa ƙarƙashin tafina. Tana ta salati a kunnena. A tsakiya ƙafata ta faɗa rami, na nutse har hanci, na sha ruwan gishiri. Ta ƙanƙame wuyana har numfashina ya ɗauke. Na ce a raina shi ke nan, na kawo matar mutane daga Damagaram na kashe ta a ƙasar wasu. Na yunƙura na miƙe, ban san da wane ƙarfi ba. Sai na ga tsohon Anasaran ya shigo ruwa, mazanmu sun riƙe hannun juna a bayansa. Ya cafko rigata, aka jawo mu.

Muna fita masu ceto na isowa. Suka lulluɓe ta da bargo, suka duba ta, suka ce lafiyarta lau. Mutanenmu suna ta kabbara, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wan matata, da ya dawo ya tarar da abin, ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya sa suka goge. Ita kuwa ta juya wa taro baya ta zauna. Har ta hau jirgi bayan kwana biyar, maganar ba ta sake tashi tsakaninmu ba, kuma tsawar nan ta yi ta cina a rai.

Bayan shekara biyu ta rasu. Na je Damagaram ta'aziyya. Ina zaune a tsakar gida, ƙanwarta, tsohuwa ita ma, ta ce, "Ai kana wurin ranar da teku ya so cinye ta, ko? Ta ba mu labari. Ta ce wani Anasara ne Allah ya jefo, ya goya ta ya fitar da ita."

Ashe haka ta faɗa wa kowa.

Tsohuwar ta ce, "Ba ta taɓa yin salla ba ta sa shi a addu'a ba. Ta ce in ta mutu mu ci gaba. Ɗaga hannu mu roƙa masa."

Na ɗaga hannu. Tana roƙo ina cewa amin, hawaye na zuba cikin tafina.