Ranar da Yaya Binta ta ɗaga rigarta

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Binta, malamar firamare a Ajingi, kuma har yau akwai masu cewa gashin asibiti ne ya kashe ta. Ni na yi jinyarta, kuma na ce ba haka ba ne.

Sankarar mama ce ta kama ta a hagu. Aka cire ƙullutun a Kano, aka ɗora ta a kan gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. Tun kafin a gama, maman ya kumbura, ya yi nauyi, fatar ta yi baƙi tana saɓulewa. Bayan wasu watanni kumburin ya sauka, sai ya ƙanƙance, ya yi tauri, ya ɗage sama ya bar ɗan'uwansa. Dama likita ya gaya mata hakan na iya faruwa. Telarta a garin Gaya ta ce bari ta cusa soso a riga don su daidaita. Yaya ta ce, "Bar shi, Hajiya. Ba sata na yi ba da zan ɓoye."

Magana kuwa ta zaga gari, wai an babbake ta, wai ƙirjin ya ruɓe. Ranar wani suna a ƙauyen Balan, muna ɗakin mai jego, mu mata zalla, sai muka ji gwaggonmu tana gargaɗin maƙwabciyarta Asabe, wadda ta ji ƙullutu a jikinta, kada ta kuskura ta je Kano a mayar da ita kamar Binta.

Yaya ta tashi ta tura ƙofa, ta ajiye mayafi, ta ɗaga riga.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, amma ki duba da idonki. Asabe, kawo hannunki. Ina ruɓar take?"

Asabe ta taɓa.

"Ya canza, ban musa ba," in ji Yaya. "Amma da ƙafata na zo nan, gobe kuma ina da aji."

Ta ƙara shekara huɗu tana koyarwa kafin cutar ta dawo mata a ƙashi, Allah Ya karɓi abinSa. Ni dai na san ba don gashin ba, da wuya mu samu waɗannan shekarun.

Yau tsoron ya koma cikin waya. Ana turo saƙon murya ana tsorata mata da na'ura, a ƙarshe a tallata musu jiƙo. Da tana raye, na san ba za ta tsaya gardama da waya ba. Gida gida za ta bi.

Ba ta bar dukiya ba, Allah Ya jiƙanta. Ta bar Asabe, wadda ta je aka yi mata nata gashin, yanzu haka tana nan tana sayar da man gyaɗa. Duk macen da ta ji ƙullutu a unguwarsu, wajenta take zuwa. Asabe takan shigar da ita ɗaki ta nuna mata nata ƙirjin, sannan ta ɗauki mayafi ta raka ta tashar motar Kano.