Farantin da Ke Dawowa Fes

Hannuwana na cikin ruwan kumfa lokacin da mai sharar ɗakin mata ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakin wanke-wanke. Ita da muke jin surutunta tun daga matakala, ranar ko sallama ba ta yi ba. Ta jingine tsintsiyarta a bango, ta ce, "An yaye zanen gadon Yaya Kilo." Na ci gaba da cuɗa tukunyar da ke gabana, don ban san abin da zan yi da hannuwan ba in na fito da su. Sai da babban kuku ya zo ya kashe famfon, ya ce in je in zauna.

Ba Kilo iyayenta suka raɗa mata ba, a kicin ɗin asibitin nan ta samo sunan. Ta fara aiki ne bayan rasuwar mijinta, direban babbar mota, da ya bar ta da 'ya ɗaya da ɗakin haya. Doguwa ce, siririya, mai manyan hannuwa da sabulu ya cinye wa fata. Aikinta karɓar farantan da suka dawo daga ɗakunan marasa lafiya, ta kankare saura a bokiti, ta miƙo mini in wanke. Sama da shekara ashirin muna tsaye kafaɗa da kafaɗa, tana ce mini Gajeriya, ina ce mata Yaya.

Tun farko ba ta iya zubar da abinci hankali kwance. Ta taso a gidan da ake raba burodi ɗaya ga yara da yawa, kuma ita ce babba, mai riƙe wuƙar. Ta taɓa ce mini har ta girma ba ta san daɗin tsakiyar burodi ba, kullum gefen ne nata. Duk sanda ta juye shinkafa a bokiti sai ta kau da kai, kamar mai jin kunyar shinkafar.

Wata shekara hukumar asibiti ta kawo sikeli, aka ajiye kusa da ƙofar baya. Suka ce a duniya baki ɗaya abincin da ake zubarwa ya yi yawa, kuma ba a rage abin da ba a auna ba, don haka kowane bokiti a ɗora shi kafin a fitar. Sauran ma'aikata suka yi ta gunaguni, an ƙaro musu aiki. Ita kuwa ta goge sikelin da gefen zanenta kamar an kawo mata jariri. Kullum bayan abincin rana sai a ji muryarta har wajen murhu tana faɗin nauyin bokiti.

"Yau kilo nawa muka yi wa Allah laifi?" in ji babban kuku.

"Kai ka yi, Oga. Wa ya ce ka ba tsoho marar haƙori nama kamar takalmi?"

Daga nan sunan ya bi ta.

Ba ta tsaya ga awo ba. Ta roƙa aka bar ta tana bin keken abinci zuwa sama, tana tambayar kowane gado, "Baba, a cika ko a rage? In ka cinye zan ƙaro." Ta sa aka riƙa yanka nama ƙanana, aka daina kai wa waɗanda aka yi wa aiki busasshen burodi. Bokitai suka ragu, har mai ɗaukar shara ya fara tambaya ko asibitin zai rufe ne.

Kowane tire yana da lambar gado, ita kuma ta iya karanta labarin mai gadon a farantinsa. Ta kan ɗaga faranti ta ce, "Gajeriya, duba nan, har miyar ya suɗe. Wannan ya kusa tafiya gida." In kuwa faranti ya dawo yadda aka kai shi, sai ta kankare shi a hankali. A wajenta na koyi cewa faranti fes alamar sauƙi ce, kuma ban taɓa ganin abin ya saɓa ba.

Ciwon cikinta ya fara ne kamar wasa. Ta daina cin abinci tare da mu, ta ce ta ƙoshi da ƙamshi. Ranar da ta faɗi a gaban sikelin aka kwantar da ita a ɗakin mata, hawa na sama, aikin kankare farantai ya dawo hannuna.

'Yarta tana aiki a wani gari mai nisa, a inda ba a ba da hutu da sauƙi. Kullum da yamma sai ta kira ni. "Inna, yaya jikin Mama? In taho ne?" Ni kuwa ina da shaida a hannu, don farantin Yaya yana saukowa fes, ko ƙwayar shinkafa babu. Har ɗaga shi nake yi ina nuna wa babban kuku. Sai in ce wa yarinyar, "Kwantar da hankalinki, tana cin abinci kamar mai noma. Ki jira hutunki."

Lokacin rabon abinci ina ƙasa wajen tukwane, sai na tashi aiki nake hawa in gan ta. Na ga tana ƙara ramewa, na ce a raina ciwo ne yake fita. Wata rana da la'asar, a barandar ɗakin, wata tsohuwa ta kama hannuna. Jinyar jikarta take yi, a gadon da ke kusa da na Yaya, kuma asibiti ba ya ciyar da masu jinya. Ta ce, "Ke ce ƙawar baiwar Allahn nan? Tun da muka zo ita ke ciyar da ni. Ko cokali ba ta sawa, sai ta turo mini farantin ta ce in cinye tas, wai kada a zubar."

Na shiga ɗakin. Tana kwance ta juya fuska wajen taga, wuyan hannunta bai fi kaurin ludayi ba.

"Yaya, ashe yaudarata kike yi?"

"Wace yaudara? An zubar ne? Cikin mutum ya shiga."

"Ba naki cikin ba!"

"Nawa ya rufe ƙofa, Gajeriya. Ko na tura sai ya dawo. So kike in aiko miki da shi ki juye a bokiti, da hannunki, da lambar gadona a jiki?"

Na zauna a bakin gadon na ce, "Na gaya wa 'yarki kina samun sauƙi. Na ce ta jira hutu."

Ta juyo ta dube ni. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar. Ashe ita bokiti kawai take tunani, ba ta kawo a ranta cewa ina karanta farantin ina aika labari ba. Ta ce, "Kira ta yanzu, a gabana. Ki ce ta bar komai ta taho."

Na kira. Yarinyar ta iso washegari da yamma, ta samu uwar tana numfashi, har uwar ta matse mata yatsu, amma baki ya riga ya rufe. Ko kalma ɗaya ba ta samu ba. Kalmomin da suka rage ni na same su, tun ranar da na kira yarinyar, bayan na ajiye wayar, ina share hawaye da gefen rigar aiki.

"Daina mini kuka a kan zanen asibiti, ke za su ba wanki," in ji ta. "Gobe ki aiko da farantina yadda kika saba. Tsohuwar nan ba ta da kowa."

"Ke fa, Yaya?"

"Ni ruwan zafi za ki kawo mini, ki zauna kusa da ni in sha."

"Zan kawo."

"Kada ki cika kofin. Ba zan shanye ba."