Malam Sabo Sara da Babin da Ya Ƙi Cirewa

Ina ofis a Kano da hantsi masinja ya leƙo ya ce wani direban motar Birnin Kudu yana son ganina. Direban ya shigo ya rusuna, muka gaisa, sannan ya sunkuyar da kai ya ce, "Ranka ya daɗe, sai haƙuri. Malam Sabo na Sara, Allah ya yi masa rasuwa jiya da la'asar a babban asibiti." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san ciwon hanta ya kwantar da shi, don na je na duba shi, amma ban ɗauka sallama muka yi ba. Na rufe ofis na bi motar. Kafin in isa Sara an riga an kai shi makwancinsa.

A wurin zaman makoki na ji ana ta maimaita magana ɗaya: "Allah sarki Malam Sabo, mai haƙuri, ba ruwansa da kowa." Haƙuri kam yana da shi. Amma a ce ba ruwansa da kowa, wannan ban yarda ba, kuma ba zan yi shiru a binne halinsa tare da shi ba. Malam Sabo kam da ruwansa da kowa, musamman wanda aka danne. Cikin masu cewa ba ruwansa da kowa har da waɗanda suka yi shekaru suna kiransa mai taurin kai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, domin 'ya'yansa su tashi su san ko wane ne ubansu.

A sakandare muka haɗu a Birnin Kudu, ni daga Yalwan Damai, shi daga Sara ta ƙasar Gwaram. Mahaifinsa, Malam Jibo, manomi ne mai 'yan shanu. A siyasar farkon samun 'yancin kai an taɓa ɗaure shi, don kawai ya bar 'yan adawa sun yi lacca a ƙofar gidansa. Tun da ya fito bai ƙara yarda an ambaci siyasa a zaurensa ba. To sai ga ɗansa ya sami gurbi a jami'a a Zariya, kuma abin da ya zaɓa shi ne kimiyyar siyasa, kamar yadda ni ma na zaɓa. Ina zaune a zauren ranar da ya sanar da tsohon.

Malam Jibo ya ce, "Soja sun hana siyasa, kai kuma ita za ka tafi karantawa? Aikin likita ya ƙare ne, ko na malamin gona?"

Sabo ya ce, "Baba, ran da aka tafi da kai ina tsaye a gindin rumbu. Har yau ba wanda ya gaya mini dokar da ka karya. Ita zan je in nemo."

Tsohon ya ce, "Allah ya tsare. In ka samo ta, ka zo ka karanta mini da Hausa."

Da muka dawo hutun shekarar farko, Sabo ya zauna gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, na duba. Babu ita. Ba ka karya komai ba." Ban taɓa ganin dattijo ya share hawaye da bakin rawani ba sai ranar.

Haka ya yi karatunsa duka. Duk abin da aka koya mana a aji, na tsarin mulki ne ko na rabon iko, sai ya juya shi da Hausa kafin ya yarda ya gane. Yakan ce, "Karatun da ba za ka iya yi wa innarka bayaninsa ba, ba ka iya shi ba tukuna." Muna yi masa dariya, amma in jarrabawa ta matso ɗakinsa muke cika.

Shekararmu ta ƙarshe ta zo daidai da fari. Gero ya ƙone a gona, shanu suna faɗuwa a hanya, gwamnati ta aiko da hatsin agaji. Kowane ɗalibi sai ya rubuta kundin bincike kafin a ba shi digiri, kuma yawancinmu mun zaɓi abin da za mu iya gamawa a ɗakin karatu. Sabo ya ari keke ya shiga ƙauyukan Gwaram yana tambayar mutane yadda aka yi rabon. A babi na uku ya bayyana yadda buhuna suke barin sito da sunan talakawa, su ɓulla a kasuwa ana sayar wa talakawan. Bai kama sunan kowa ba, amma duk mai hannu a ciki zai gane kansa. Malamin da ya duba aikin ya yaba, har ya ba da shawarar a tura shi ƙasar waje ya yi digiri na biyu.

Lokacin kuɗin fetur ya fara shigowa. Mai digiri ba ya neman aiki, aiki ke nemansa, da gida da rancen mota. Abin da ya rage mana shi ne intabiyu a gaban wani kwamiti a Kano, inda daga nan ake raba masu shiga ofis da masu tafiya ƙaro karatu. Mun yi makonni muna gwada juna a gindin darbejiya, in zama shugaban kwamiti in yi ta tsare shi da tambayoyi, shi ma ya tsare ni. Tambayar da aka yi masa kuwa ba mu taɓa kawo ta ba.

Shi ya riga ni shiga. Abin da ya faru a ciki shi ya ba ni labari, daga baya kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya tabbatar mini. Kundinsa yana kan tebur a gaban shugaban, wani babban ma'aikaci.

Shugaban ya ce, "Malam Sabo, aikinka ya yi kyau. Amma babi na uku ba zai amfani kowa ba. Ka koma ka cire shi, sannan ka zo ka zaɓa, karatu a Ingila ko kujerar Di'o ta mulkin gunduma."

Sabo ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai kuskure a ciki? In akwai a nuna mini, yau zan gyara."

"Ba maganar kuskure ake yi ba. Kai yaro ne, gaba ta fi baya yawa."

"To in ba kuskure, ba nawa ba ne da zan cire. Mutane ne suka zaunar da ni a zaurukansu suka faɗa mini, wasunsu a shekarar suka binne 'ya'yansu. Ban san da wace fuska zan koma musu ba."

Ya fito ya same ni a kan benci. Da na ji abin da ya faru na miƙe zan bi shi mu tafi, sai ya riƙe mini hannu ya ce, "Shiga, Idi. Wannan faɗana ne, ba naka ba. Kuma ba na so kujerun nan duka su koma hannun waɗanda ba su taɓa riƙe fartanya ba." Na shiga, aka ɗauke ni. Shi kuwa bai sami ofis ba, bai sami tafiya ba.

Ya koma Birnin Kudu yana koyar da darasin gwamnati a sakandare. Abokan karatunmu suna wucewa a sababbin motoci, shi yana kan keke, ana nuna shi ana cewa ga wanda ya yi wa arziki ƙafar ungulu. Bai taɓa tankawa ba. Abin da ya sa a gaba shi ne ɗalibansa masu shirin jami'a. Yakan zaunar da ɗalibi ya yi masa tambaya, in ya ba da amsa daidai sai ya ɗaure fuska ya ce, "Ka tabbata? Ni fa malaminka ne, kuma na ce ba haka ba ne." In ɗalibin ya janye, sai ya ce, "Ka faɗi. Amsarka daidai ce, kai ne ka sake ta." Yakan ƙara da cewa, "Ladabi daban, tsoro daban. Ka rusuna ka gaida manya, amma kada ka rusunar da maganarka."

Ba zan ce zama da shi sauƙi ne ba. In ya kama gardama ba ya saki, ko da abinci zai huce. Ni kaina duk zuwan da zan yi sai ya titsiye ni a kan abin da ofishinmu ya yi da abin da ya kasa yi, kamar ni kaɗai ne gwamnati. Digiri na biyun da aka hana shi kuwa bai haƙura da shi ba. Ya nemi gurbi a Zariya da kansa, yana zuwa lokacin hutu, kuma bincikensa a kan rabon agajin nan ne dai, ya faɗaɗa shi. Ya kusa gamawa ciwo ya kama shi. Ranar da na duba shi a asibiti ya rame ƙwarai, murya da ƙyar take fita, amma ya jawo ni kusa ya ce, "Idi, in ta Allah ta kasance, kada ka bari a ce na yi nadama."

To ga shi na faɗa: bai yi ba.

Ranar sadakar uku na shiga cikin gida in yi wa matarsa Rabi gaisuwa. Ina tsaye a bakin ƙofa wata 'yar'uwa take ce mata, da Malam ya ɗan sassauta a lokacin, da yanzu ya bar mata gida a Kano. Rabi ta gyara mayafinta ta ce, "Yaya, ya bar mana sunan da in an kira shi a kasuwa ba ma sunkuyar da kai. Ya ishe mu."

Ya Allah, ga bawanka Sabo ɗan Jibo ya zo gare ka. Ka gafarta masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka tabbatar da harshensa wajen amsa tambaya, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Rabi haƙurin rashinsa, ka ba Malam Jibo juriyar binne ɗa da tsufa. Ka raya marayun da ya bari, ka ciyar da su da halal, kada ka sa su buƙaci wanda zai nemi su sayar da gaskiya kafin ya taimake su. Mu kuma da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.