Ku Zo Dubiya, Ban da Takarda

Abu ɗaya nake roƙon ɗaliban Malam. In za ku zo dubiya, don Allah kar wanda ya sake kawo mishi takardar furojet ya duba.

Ni ce Maman Sadiya, matarshi. Ban yi boko ba. Madam Rifkatu maƙwabciyarmu ce ta kawo ni kafen intanet, ina faɗa tana bugawa a zaurenku na ɗalibai. Wata uku kuna tambayar abin da ya same shi ina shiru.

Kun san malamai biyu sun bar makarantar nas ɗin da yake koyarwa, aka haɗa mishi azuzuwansu. Da safe aji, da rana ya bi ɗalibai asibiti, ya dawo gida Rikkos da jaka cike da takardu. Abinci ya daina shiga. Sadiya ta yi kuka ya daka mata tsawa, mutumin da ban taɓa jin tsawarshi ba.

Ran nan da safe ya zauna bakin gado, takalmi ɗaya a hannu. Na ce, "Malam, za ka makara." Ya ce, "Na kasa tashi." Sai hawaye.

A asibiti aka ɗebi jini. Babu maleriya, babu taifod, babu suga. Jininshi ne ya hau. Kwana biyar ina kan benci da goyo, ina jira a ce min wani abu.

Likita ta ce, "Madam, gajiya ce ta cinye shi. In bai huta ba, za ku dawo."

Alhamdu lillahi, ya samu sauƙi. Yana ci, yana dariya, har Tina Junction yake takawa ya sayo mana ayaba.

To amma dubiyar nan. Kowa ya zo da lemu a leda, a ƙarƙashin lemun ga takarda mai baƙin bango. "Sa, ka ɗan duba min kawai." Shi kuma bai iya cewa a'a ba.

Na gode da lemu, na gode da addu'a. Wadda mijinta ya daina ci ya daina hira, kar ta jira sai ya faɗi.

Takardunku na ɗaure su, suna ɗakin Madam Rifkatu. Kowa ya zo ya ɗauki nashi.

Wannan shawarar na faɗa wa Hajiyarshi, na faɗa wa ogansu na makaranta. Shi ma Malam na faɗa mishi da safen nan. Sai ya miƙo min jan bironshi na duba takardu.