Shekarun Tela a Cikin Buhu

Sai shekarar da aka ce baƙi marasa takarda su bar ƙasa, lokacin da ake layin shinkafa, na san telan unguwarmu a Boɗinga mutumin Nijar ne. Na girma har na yi iyali Baba nake ce masa.

Aka ce in ya nuna shekarun da ya yi yana aiki, zai samu izinin zama. Dattawa suka bi gida-gida suna tara tsofaffin rigunan Sallah da ya ɗinka, har daga garin Shagari aka aiko, aka cika buhu. Na saɓa buhun muka tafi Sakkwato.

Jami'in shige da fice ko kallon buhun bai yi ba. Ya tambayi Baba wa ya ɗauke shi aiki.

"Ranka ya daɗe, ni ka yi ma kaina aiki," in ji Baba.

Jami'in ya ce to a wurinsu bai taɓa aiki ba, ko na yini ɗaya.

Baba ya miƙo hannu ya tsinke wani zare a wuyan rigata, ɗinkinsa, ya ce in ɗauki buhun.